Kyamarori biyu sun ƙi fitowa a kwamfuta, ku taimaka

Ɗan Tudun Wada: Salamu alaikum 'yan uwa. Wallahi kwana uku ban yi barcin kirki ba. Kawuna ne ya haɗa ni da wani Alhaji mai injin casar shinkafa a Kudenda, yana son kyamara shida saboda buhuna na ɓacewa tsakanin sito da get. Kawu ya bugi ƙirji ya ce yaron nan ya iya. Na karɓi rabin kuɗi, na ja kebul ta cikin rufi, ƙurar dusa har cikin hanci. Huɗu sun fito tas a kwamfutar ofis. Ta bakin get tana fitowa da rana, magariba na yi sai ta ɗauke. Ɗayar kuwa ko alamarta. Asabar Alhaji zai zo dubawa.

Injiniyan Barnawa: Wa alaikumus salam. Ƙanina, ba sai na je ba, tsawon kebul ne. Iyakar kebul ɗin Ethernet, irin wanda ake haɗa kyamarorin nan da shi, mita 100 ne. Duhu na yi fitilun gani da dare suke kunnuwa, kyamara ta ƙara jan wuta. Ƙaramin PoE, wato tura wa kyamara wuta ta cikin kebul ɗin, wat 15.4 yake fitarwa daga suwic, akwatin da ake jona kebul ɗin kyamarori, abin da aka lamunce ya isa kyamara 12.95 ne, to ina ga kebul ya zarce ƙa'ida? Sa wani suwic a tsakiya.

Na Kawo: Ni dai adireshin IP, lambar da kwamfuta ke gane kowace kyamara da ita, nake zargi a kan wadda ba ta fito ba. Kyamarar kamfanin Hikvision sabuwa da 192.168.1.64 take zuwa. In wata kyamarar na kan wannan lambar, sun yi karo. Buɗe SADP, manhajarsu ta nemo kyamarori, ka gani.

Baban Rigasa: Kankare wayar da wuƙa tukuna. In ka ga fari a ciki, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. Haka wani mai shago ya yi min bara, kwali biyu, yana rantsuwa. Na koma ya ce an riga an yanka. Har yau ina jin ciwon kuɗin nan.

Ɗan Tudun Wada: Yaya Injiniya, mita 130 ne, amma na taɓa jan 120 a Mando, tana aiki har gobe. Kebul kuma mai tsada na saya. Ni na fi zargin janaretan wajen.

Injiniyan Barnawa: In janareta ne, me ya hana sauran huɗun ɗaukewa? Shekara nawa muna wannan aiki. Ta Mando sa'a ka ci.

Na Kawo: Ka duba IP ɗin kuwa? Kuma wace irin kyamara ce ma, ba ka faɗa ba.

Ɗan Tudun Wada: Ban duba ba, sai gobe in Allah ya kai mu. Amma suwic na biyu daga aljihuna zai fito, kuma tsakiyar filin babu soket, tireloli ke juyawa a wurin. Da wane ido zan kalli Kawu?