Cilakowa ta fito baƙa ƙirin, akwai gyara?

Ɗan Aboabo: Salam jama'a, na ɗauki hoton cilakowa a dajin Owabi kusa da Kumasi, sama ta yi fes amma tsuntsuwar ko idonta ba a gani.

Mai Kamara: Hasken sama ne ya ruɗi kamararka. A manhajar gyaran hoto irin Lightroom ko Snapseed kar ka ƙara hasken hoton gaba ɗaya, sama za ta koma fari fat, ɗaga hasken wajen inuwa kawai sannan ka bi jikin tsuntsuwar da buroshin manhajar a hankali.

Hajiyar Nima: Hoton RAW ne (ɗanye, yadda kamara ta ɗauka) ko JPEG (wanda aka riga aka matse)? In JPEG ne kar ka ja hasken da yawa, zai cika da ɗigo-ɗigo kamar yashi.

Ɗan Aboabo: JPEG ne Hajiya, ta WhatsApp ma na tura wa kaina.

Mai Kamara: Kai ɗan'uwa! WhatsApp ai matse hoto yake, ɗauko na asali a katin kamara tukuna.