Tambaya: waɗanne takardu za mu riƙe a yawon jirgin ruwa daga Basalona?

Baban Khalifa, Mile 12:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar tafiye-tafiye. Babbar 'yata tana aikin jinya a Manchesta, ta biya mana kuɗin yawon shaƙatawa a jirgin ruwa, ni da mahaifiyarta, mako guda a Bahar Rum cikin watan Oktoba. Jirgin zai tashi daga Basalona, ya tsaya Marsel, Jenowa, Napoli da Palermo, ya ratsa ta Tunis, sannan ya dawo Basalona. Ita fasfon Ingila gare ta, ta ce mu bincika abin da namu na Najeriya yake buƙata.

To wajen binciken ne kowa ke ba ni tasa. Wani maƙwabcina a layin 'yan albasa ya ce tunda a jirgi za mu riƙa kwana, ba ruwanmu da biza sai in za mu sauka. Ƙaramin ɗana ya nuna mini bidiyon wata Ba'amurkiya tana cewa da takardar haihuwa kawai ta shiga irin wannan jirgi. Mu dai abin da ke hannunmu: bizar Ingila ta shekara biyu da ba ta ƙare ba, katin NIN, da tsohuwar takardata ta ECOWAS da nake zuwa Kwatano da ita. Fasfona zai ƙare a Fabrairu, wata huɗu bayan tafiyar. Na Hajiya da sauransa, amma a ciki an rubuta Hauwa'u da Mohammed, tikitin kuma Hauwa da Muhammad.

Yarinyar nan guminta ta tara ta yi mana wannan, ba na so mu je bakin jirgi a mayar da mu. Me zan fara yi?

Malam Ɗan Apapa:

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya yi wa 'yar albarka. Na daɗe ina aiki da kamfanonin jiragen ruwa a nan Apapa, bari in faɗi abin da na sani.

Maganar maƙwabcinka ka ajiye ta. Ranar shiga jirgi ma'aikata za su buɗe fasfonka su duba ko kana da izinin shiga kowace ƙasa da ke cikin jerin tashoshin, ko za ka sauka ko a ɗaki za ka wuni. In babu, a nan ake barin mutum da jakarsa, kuma yawanci ba a mayar da kuɗi, domin a sharuɗɗan tikiti an rubuta cewa nemo takardu alhakin fasinja ne. Ban da haka ma, kafin ka ga jirgin sai ka sauka a filin jirgin saman Basalona, ka ga ai ka riga ka shiga Sifen.

Ba'amurkiyar gaskiya ta faɗa, amma doka ce ta 'yan ƙasar Amurka, in jirgi ya tashi daga tasharsu ya dawo wannan tashar. Ba ta shafi mai koren fasfo ba. Takardar ECOWAS iyakarta Afirka ta Yamma, NIN kuma na gida ne. Bizar Ingila ma ba za ta shigar da kai Sifen ko Faransa ko Italiya ba. Bizar Shengen kuke buƙata, ku biyun, wato biza ɗaya ta rukunin ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyaka, har da waɗannan ukun.

Ga inda nake so ka buɗe ido sosai: Tunis. Tunisiya ba ta cikin Shengen. Da zarar jirgi ya bar Palermo ya tsaya can, a lissafin jami'an shige da fice kun fita daga yankin, komawa Basalona kuma sabuwar shiga ce. In biza mai shiga sau ɗaya aka buga maka, ta ƙare tun a Palermo. Saboda haka a fom ka zaɓi mai shiga sau da yawa, ka haɗa da takardar jerin tashoshin jirgin, ka ja layi a ƙarƙashin Tunis don mai duba takardun ya ga dalili. Ranar da aka dawo maka da fasfo kada ka tafi sai ka duba wurin adadin shiga: MULT ko 02 ya kamata ka gani, ba 01 ba. Ita kanta Tunisiya, 'yarka ta rubuta wa kamfanin jirgin ta tambayi abin da mai fasfon Najeriya ke buƙata a tashar, su ba ta amsa a rubuce, ku buga ku riƙe.

Maman Ilham, Agege:

Baba, sannu da ƙoƙari. Ni kan fasfon zan yi magana, don shi ne farkon aiki. Dokar Shengen wata uku take nema bayan ranar fitarka daga yankin, da shafi biyu da ba a buga komai a kansu ba. Ta wannan fuskar naka zai wuce. Amma yawancin kamfanonin jiragen yawo wata shida suke nema bayan ƙarshen tafiya, kai kuma huɗu gare ka. Ka sabunta kawai, kuma kafin ka nemi biza, don a manna ta a sabon. Ofishin Alausa a Ikeja ya fi maka kusa a kan na Ikoyi ko Festac. In da hali ka karɓi mai shafi 64 na shekara 10 ka huta. Ta intanet ake cike fom a biya, sunanka kuma dole ya yi daidai da na NIN. Za su soke tsohon su dawo maka da shi. Kada ka yar, bizarka ta Ingila na ciki, in za ku biya ta Manchesta sai ka haɗa biyun ka riƙe.

Batun sunan Mama kuwa kada a taɓa fasfo. Tikiti ake gyarawa ya bi fasfo harafi da harafi, na jirgin ruwa da na jirgin sama duka. Mu Hausawa wannan na yawan cin mu, don a wajenmu Muhammad da Mohammed suna ɗaya ne, ita kuwa kwamfuta mutum biyu take gani. A gyara yanzu tun da sauran lokaci, in tafiya ta matso wasu kamfanonin kuɗi suke caja.

Abu Sadik, Idi-Araba:

Alhaji tunda a Basalona za ku fara sauka, ofishin Sifen za ka kai takardunka. Kuɗin biza Yuro 90 ne tun Yunin 2024, ban da na cibiyar da ke karɓar takardu. Sai inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000 wadda ta game duk ƙasashen Shengen. Da kanku za ku je, don za a ɗauki zanen yatsu.

Malam Ɗan Apapa:

Abu Sadik, kuɗin da inshorar haka suke, amma batun ofishi da ɗan gyara. Ƙa'idar ita ce ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta. Sai kwanakin sun zo daidai ake komawa ga wadda aka fara shiga. A jerin Alhaji tasha uku na Italiya ne. In ranar tashin jirgi za su isa Basalona su kuma juyo ranar da ya dawo, Italiya ta fi rinjaye. In kuwa za su yi wasu kwanaki a otal a can, lissafi ya koma Sifen. Ni shawarata su isa da wuri ko don jinkirin jirgin sama daga Legas, domin jirgin ruwa ba ya jiran kowa. Ana karɓar takardu tun saura wata shida, amsa kan ɗauki kwana 15, wani lokaci har 45, samun ranar ganawar ma kanta aiki ne. Kada a kai Satumba.

Baban Khalifa, Mile 12:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tura wa 'yata duk bayanan, ta ce dama ta kama mana otal na kwana uku a Basalona kafin tashi da kwana ɗaya bayan dawowa, don haka Sifen za mu nufa. Ta kuma aika wa kamfanin saƙo kan sunan da batun Tunis. Litinin in Allah ya kai mu zan fara da fasfo. Saura abu ɗaya: katin rigakafin shawara da muka yi lokacin aikin Hajji ya haura shekara goma. Sai mun sake allura?

Maman Ilham, Agege:

A'a Baba. Tun Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Sai dai in tsohon katin ne na da, ku kai shi ofishin lafiya na tashoshi da ke filin jirgin Murtala Muhammed a sauya muku da sabon mai lambar da ake dubawa a kwamfuta. Ku je da sabon fasfon, don lambarsa za a rubuta a kai. Ita ma 'yar taka ka tura mata hoton shafin farko da zarar ya fito, ta canza lambar a rajistar jirgin.