Neman shawara: bangon jifsum zai ɗauki bene a Maradi?

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da fili a unguwar Ali Ɗan Sofo, ina son tada bene hawa ɗaya, shaguna a ƙasa, iyali a sama. Ƙanena da ke karatu a Indiya ya nace in bar bulo, in sayo bangon da ake zubawa a masana'anta da jifsum, irin na filastar silin, haɗe da zaren gilashi. Abu biyu ke ba ni tsoro: nauyin bene da ruwan damina. Kuɗin nan gumin shekaru ne, don Allah masana gini ku ba ni shawara.

Injiniyan gini:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ƙanenka bai yi ƙarya ba. A Ostareliya aka ƙirƙiro shi wajen 1990 da sunan Rapidwall, kuma jami'ar IIT Madras da ke Indiya ta gina bene da shi a 2013. Kowane falle na bangon tsawonsa a kwance mita 12, a tsaye mita 3, kauri milimita 124, cikinsa ramuka ne a jere daga sama har ƙasa. Ƙarfin yana cikin ramukan nan. In an bar su fanko, iyakarsa raba ɗaki ko ƙaramin gida na ƙasa. In bene ne, sai an zura rodi an cika su da kankare, rodin kuma ya fito tun daga tushe ya ɗaure da rufin, don ginin ya zama jiki ɗaya. Zaren gilashin yana hana jifsum tsagewa, amma rodi da kankare ne ke riƙe ginin in iska ta turo shi ta gefe. Ramin da za a cika da kaurin rodinsa kuwa lissafin injiniya ne, kada a bar wa leburori.

Dattijo magini:
Ɗana, ni ruwa nake ji. Jifsum da danshi ba sa ga maciji. Dole a ɗaga tushe sosai, a toshe duk mahaɗa da maganin hana shigar ruwa, a shafe waje da fenti mai kyau. In filinka kwari ne inda ruwan Agusta ke kwanciya, ban ba ka goyon baya ba. Kuma wa zai gyara maka in ya samu matsala?

Ɗan kasuwa:
Yaya, ka lissafa hanya tukuna. Falle ɗaya nauyinsa wajen tan ɗaya da rabi ne, sai da injin ɗaga kaya ake tsayar da shi. Daga jirgin ruwa zuwa tirela zuwa Maradi, ga kuɗin duwan, ga fashewar gefe a hanya. Arhar da ake faɗa a Indiya don masana'antar tana kusa da su ne.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka. Injiniya, to in na nace fa?

Injiniyan gini:
Ka nemi takardar gwajin ƙarfi da ta shan ruwa daga masana'antar, a auna ƙasar filinka, kuma su turo wanda ya taɓa haɗa shi ya tsaya kan aikin. In ɗaya ya gagara, ka tada ginshiƙai da bulon siminti, jifsum ya tsaya a rabon ɗakunan ciki.