Wace kalma za ta maye gurbin "safari"?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, malamai. Ranar Alhamis zan gabatar da shirin rediyo a kan hutun da na yi bara a Tanzaniya, kwana 4 a gandun dajin Serengeti da kwana 3 a tsibirin Unguja na Zanzibar. Labarin tsibirin bai ba ni wahala ba, domin daga kanumfarin da ƙamshinsa ya cika kasuwa har kwale-kwalen masunta, komai yana da sunansa. Inda na cije shi ne "safari". Ina so in ba da labarin wata zakanya da ta kwanta a inuwar motarmu da hantsi, direba ya kashe inji har muna jin numfashinta, amma na rasa sunan da zan ba fitar kanta.

Malamar Hausa: Wa alaikumus salam. Yawon buɗe ido ya yi faɗi, tunda zamanka a tsibirin ma sunansa ke nan. Farauta kuwa kuskure ce, domin an haramta ta a Serengeti, wanda ya zama gandun ƙasa tun 1951. Ni ina ganin ka ce yawon kallon namun daji.

Tsohon mai fassara: Malama, wannan bayani ne, kuma a rediyo numfashi zai ƙare kafin a kai ƙarshensa. Na daɗe ina ba da shawarar "leƙa-dawa", a kan ginin "faɗi-tashi" da "ci-rani".

Ɗalibi: Ranka ya daɗe, ai kalmar Suwahili ce mai ma'anar tafiya, kuma daga Larabci suka aro ta, tushe ɗaya da safara tamu. Me zai hana a ce safarar dawa?

Malamar Hausa: Kul, ɗana. Kunnen mai sauraro ya saba da safarar makamai da safarar mutane, saboda haka zai ɗauka hauren giwa bawan Allah ya je ya kwaso.

Tsohon mai fassara: Ko ba wannan ba, bai dace mu je aro wajen Suwahili ba. Don Tarayyar Afirka ta ɗauke shi harshen aiki a 2022, ba shi ne zai sa Hausa ta zama 'yar rakiya ba. A rubuta leƙa-dawa.

Ɗalibi: Amma mota da asibiti da littafi duk aro ne, ba wanda ya ce mun ƙasƙanta.

Tsohon mai fassara: Waɗannan sun shekara a bakinmu, yaro.

Malamar Hausa: Alhaji, a gafarce ni, leƙe aikin ɗan lokaci ne ta taga ko ta katanga, mutumin da ya kwana 4 a tanti yana jin kukan kuraye kuwa ya wuce mai leƙe.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Zan buɗe shirin da "safari, wato yawon kallon namun daji", daga nan in riƙa cewa yawon dawa.

Tsohon mai fassara: To, shirinka ne. Amma ni a fassarata leƙa-dawa zan ci gaba da rubutawa.