Neman taimako: jinga a kan littafin Camus ta tsaya min a wuya

Assalamu alaikum malamaina da 'yan uwa ɗalibai. Ina ɗaukar kwas na adabin Turai na zamani, an ba mu jinga a kan L'Étranger, littafin labari na marubucin Faransa Albert Camus, wanda ya fito a 1942. Tambayar ita ce: da wane laifi kotu ta yanke wa Meursault, jarumin labarin, hukuncin kisa?

Labarin dai na gane shi. Ya harbi wani Balarabe a bakin teku kusa da birnin Aljiyas, harbi ɗaya, sannan ya ƙara huɗu bayan mutumin ya faɗi. Amma a kotu sai mai gabatar da ƙara ya fi damuwa da cewa bai yi kuka ba a jana'izar mahaifiyarsa, har ma ya sha kofi da madara ya busa sigari a gaban gawarta.

Inda na maƙale shi ne, malam yana so mu bi ta falsafar Camus ta rashin ma'anar rayuwa, mu jingina da littafinsa na falsafa, Le Mythe de Sisyphe. Ni kuwa abin da ke ci min tuwo a ƙwarya, Balaraben da aka kashe ko suna ba a ba shi ba, alhali Aljeriya a lokacin tana hannun Faransa. Da na kawo wannan a daftarina, sai aka ja min jan biro wai na kauce hanya.

Don Allah wanda ya taɓa yin wannan kwas, ta yaya zan haɗa batun mulkin mallakan da falsafar a muhawara ɗaya? Ko in bar shi zuwa sakin layi na ƙarshe?