Gidauniyar dasa itatuwa da kai ɗalibai Dutsen Kufena: ta ina ake farawa?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Mu matasa ne 40 a nan Zariya. Muna son buɗe gidauniya don dasa itatuwa da kare tsuntsaye a gindin Dutsen Kufena, mu riƙa kuma kai 'yan makaranta su ga wurin da idonsu. Ta ina ake farawa, me kuma ya fi cin kuɗi? Masana a taimaka mana.

Malam na Kongo:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ku fara da karo-karo a tsakaninku. Ko naira 1,000 kowa ya ba da a wata, kun sami 40,000, kuma mai kuɗi ya fi sakin hannu idan ya ga masu aikin sun fara sa nasu.

Kafin ku miƙa hannu ga jama'a, ku yi rajistar amintattu a hukumar CAC, mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, bisa dokar kamfanoni ta 2020. Za a nemi sunan da hukumar ta amince da shi, amintattu aƙalla biyu, tsarin mulkin ƙungiya, da bayanin taron da aka zaɓe su. Sai a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Daga nan ku nemi lambar haraji da shaidar SCUML, sashen hana halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, don banki zai tambaye su. Asusun ya zama da sunan ƙungiya, kuɗi kuma kada su fita sai da sa hannun mutum biyu cikin uku. Tara kuɗi a asusun shugaba ko ma'aji shi ke raba kan 'yan ƙungiya, ko da mutumin mai amana ne, saboda kuɗinsa da na jama'a sun cakuɗe, ba ya iya wanke kansa ranar da aka zarge shi.

Ranar ƙaddamarwa kuwa, alkawarin da aka yi a lasifika ba kuɗi ba ne. Ku yi kasafi da abin da ya shiga asusu kawai, ku ba kowa rasit, ku rage hayar rumfa da kujeru.

Baba na Samaru:
Ɗana, kada ku ce wa mutane ku zo ku taimaki muhalli, ba wanda zai gane abin da kuɗinsa zai yi. Ku ce itace 100 za mu dasa, ga kuɗin rainon kowanne har shekara biyu, kowa ya ɗauki nauyin adadin da zai iya.

Dashen kansa shi ne mafi arha. Abin da ke cin kuɗi keji ne da ban ruwa. Ruwan sama yana ɗaukewa a Zariya wajen watan Oktoba, sai rani ya yi wata shida, awaki kuma suna sake. Don haka a dasa daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli, lokacin da damina ta zauna, saiwa ta kama kafin ruwa ya janye. Rami ya kai ƙafa biyu zurfi da faɗi, a cuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara. A cire ledar da dashen ya zo a ciki kafin a binne, a nan mutane da yawa suke kuskure. Da rani kowane dashe na son bokiti ɗaya sau biyu a mako, kuma a ɗauki mutumin ƙauyen a riƙa biyansa, don 'yan sa kai daga cikin gari ba sa jure zirga-zirgar watan Maris.

Ku zaɓi rimi, ɗorawa, tsamiya, kuka da ɓaure, ku bar itacen turare. Ɓaure yana tara tsuntsaye masu cin 'ya'yan itace, dogayen itatuwa kuma a kansu ungulu ke sheƙa. Ungulun da muka saba gani a mayanka tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin masu gab da ƙarewa. Ƙwai ɗaya take yi a lokacin haihuwa, ga masu kama ta suna sayar wa masu tsibbu, ga guba. Wannan abu yana da ban takaici ƙwarai. Ku ware wani kaso don zama da Sarkin Pawa da mafarauta. Kafin ku haƙa rami ko ɗaya kuma, ku gaida mai unguwa da dagaci, ku je sashen gandun daji na ƙaramar hukuma, don filayen wurin suna da masu su.

Malamar Firamare:
Baba ya yi gaskiya, amma kada a mayar da fitar yara abin baya, iyayensu su ne masu ba da gudummawa gobe. A fita daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da dutse ba ya santsi, tsuntsaye masu ƙaura daga Turai ma sun iso. A tashi da ƙarfe 7, a sauko kafin 11. Babba ɗaya ga yara 10, ruwa lita ɗaya da rabi ga kowane yaro, takalmi rufaffe, da akwatin taimakon gaggawa. Takardar amincewar iyaye dole ce. A hana yara sa hannu cikin kogo saboda maciji da kunama, a karɓe dankon harbin tsuntsaye tun a bakin mota. Madubin hangen nesa guda huɗu sun isa aji guda idan an raba su rukuni-rukuni.

Ɗan Tudun Wada:
Allah ya saka da alheri. Za mu iya karɓar zakka a wannan aiki?

Malam na Kongo:
A'a, ƙanena. Zakka tana da mutanenta kashi takwas a aya ta 60 cikin Suratu Tauba, dashen itace ba ya ciki. Ku nemi sadaka ko waƙafi. Hadisi ya inganta cewa Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi. Ku rubuta a takardar neman gudummawar ƙarara cewa sadaka kuke karɓa, don kada wani ya turo zakkarsa bai sani ba.