Neman shawara: digiri na uku a kan inganta irin shanun madara a ƙasar Daura

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Ni malami ne a fannin kiwon dabbobi, mazaunin Daura, kuma na samu gurbin digiri na uku a kan gadon halitta na shanun madara. Niyyata ita ce in haɗa Bunaji, fararen shanunmu na gida, da Firiziyan, shanun madara na Turai, ta hanyar ɗura maniyyi, sannan in kwatanta madarar 'ya'yan da ta uwayensu. Malamin da ke duba aikina ya dawo mini da takardar tsarin binciken, ya rubuta a gefe cewa in sake lissafin lokaci, bai ƙara ko kalma ba. Shekara uku ke gare ni, kuɗin kuma bai taka kara ya karya ba. Shin in dage a kan haɗin, ko in koma ga tantance shanunmu na gida a rugagen da ke tsakanin Daura da Mai'aduwa?

Wani dattijon malami daga Zariya:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, malaminka gata ya yi maka. Saniya tana ɗaukar ciki kusan kwana 283, karsanar da za ta haifa da wuya ta yi haihuwar fari kafin shekara biyu da rabi, sannan ana auna tatsa har kwana 305, ka ga an haura shekara huɗu kafin ka rubuta babi na huɗu na sakamakon bincike, wato in har duk ɗurin farko ya kama, abin da ba ya faruwa. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, NAPRI, da ke Shika ta daɗe tana haɗa Bunaji da Firiziyan, saboda haka ka nemi izinin nazarin bayanan da aka tara maimakon ka fara daga tushe. Abin da aka sani a ƙasashen zafi shi ne 'ya'yan farko masu rabi da rabi sukan yi kyau, amma idan jinin Turai ya rinjaya sai zafi da cuta su cinye ribar. Shi ya sa mutanen Barazil suka tsayar da irin shanun madararsu, Girolando, a kan kashi biyar cikin takwas na Holstein na Turai, uku na Gir mai jure zafi.

Wata likitar dabbobi daga Katsina:

Malam, ina goyon bayan Baba. Maniyyin ana adana shi ne a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, kuma na taɓa asarar tulu guda saboda wanda zai kawo mana ƙari ya yi jinkirin mako biyu. Ga kaska, ga kirci da damina, ga bazarar da kan haura digiri 40, duk sun fi kayar da shanu ruwa biyu. Idan ka koma ga na gida, kada ka manta da shanun Azawak da ke shigowa kasuwar Mai'aduwa daga Nijar, domin irin madara ne mai jure fari, kuma tashar kiwo ta Tukunus da ke Nijar ta daɗe tana zaɓensa. Don gwajin ƙwayoyin halitta, ka tsige gashin wutsiya da saiwarsa ka sa a ambulan. Ba ya buƙatar ƙanƙara, kuma makiyayi ya fi yarda da shi a kan ɗibar jini.

Wani da ya tashi a ruga:

Ranka ya daɗe, ka fara da gaida arɗo, kuma kada tambayarka ta farko ta zama yawan shanu, domin za a ɗauke ka mai jangali. Shanu na maigida ne, amma madara ta mata ce, su suka san wadda ke cika ƙwarya da wadda ke ƙafewa da wuri, don haka ka nemi mace a cikin masu taya ka. Sannan saniyarmu ba ta sakin nono sai an kwance maraƙinta daga dangwali ya fara tsotsa, kuma dole a rage masa, ke nan abin da ka gani a ƙwarya ba shi ne duk abin da ta bayar ba. Ka riƙa auna nauyin maraƙin kafin ya sha da bayan ya sha.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Zan sake takardar a kan Bunaji da Azawak, in kai wa malamina. Likita, gashi nawa ya kamata a tsige daga kowace saniya?

Likitar:

Talatin zuwa hamsin sun isa, amma ka duba saiwar tana jiki, kuma gashin ya kasance busasshe kafin ka rufe ambulan.